Taba, goro da shayi: wanne ne ke hana ido ganin taurari?

Ɗan Zango: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah kada a mayar da ita faɗa. Tun da muka dawo daga kallon taurari a bayan Epe ake ta ƙananan maganganu a gefe kan dalilin da ya sa wasu suka ga ɗan hazon nan na Andromeda, wato wani tarin taurari mai nisan gaske, da ido kawai, wasu kuma aka yi ta nuna musu da yatsa har hannu ya gaji ba su gani ba. Wani ya ce mini taba ce ke kashe ganin dare. Wani ya ce a'a, shayin da muka yi ta kwankwaɗa ne da goro. Masu ilimin ido, bismillah, ku raba mana gardama.

Kawu Direba: Wa'alaikumus salam. Ɗana, bar kewaye-kewaye, ka ce Kawu kawai. Cikin waɗanda suka je wa ke shan taba in ba ni ba? To bari in gaya maka, tun ba a haife ka ba nake jan tirela daga Apapa zuwa Kano cikin dare. Ramin da ke hanyar Mokwa tun daga nesa nake hango shi. In da taba na makantar da mutum da dare, da tuni an yi sadakar arba'in ɗina.

Hajiya Mai Atamfa: Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Yaron nan bai kama sunan kowa ba, Alhaji.

Kawu Direba: Hajiya, ke ma naki na zuwa. Wa ya zo da butar ataya da gawayi?

Malamin Fiziks: Kawu, ramin Mokwa da fitilar tirela kake ganinsa, wannan ba ganin dare ba ne, rana ce ka ɗauko ka sa a gaban mota. Abin da muke nema a sama haske ne da ya taso daga tafiyar shekara miliyan 2.5, ya iso mana a galabaice. Sai idon da ya huta a duhu sosai ke kama shi. Anti Likita ta fi ni sanin cikin ido, ita ya kamata ta fara.

Anti Likita: Salamu alaikum. Yanzu na tashi daga aiki, ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

A can bayan ido akwai wani tantani mai laushi, shi ke karɓar haske. Ƙwayoyi iri biyu ne a jikinsa. Na farko su ne na rana, kusan miliyan 6, su ke ganin launi da ƙananan rubutu, kuma sun taru ne a tsakiya, daidai inda kake kafa ido. Na biyu su ne na dare, wajen miliyan 100 ne, ba su san launi ba, amma haske komai ƙanƙantarsa suna jinsa. Su a gefe-gefe suke, tsakiyar tsakiya babu ko ɗaya. Shi ya sa in ka kafa wa tauraro mai dushi-dushi ido sai ya ɓace, in ka ɗan kauda ido gefe sai ya dawo.

Ƙwayoyin dare suna aiki da wani sinadari, rodofsin, wanda jiki ke haɗawa da bitamin A. Haske mai ƙarfi yana wargaza shi, duhu kuma yana ba shi damar sake taruwa. Taruwar nan ba ta gaggawa. Minti biyar zuwa goma na farko na ƙwayoyin rana ne, su ke ɗan daidaitawa. Na dare sai an yi minti 20 zuwa 30 kafin su kankama, har zuwa minti 40 ana samun ƙari.

Yanzu ga inda taba ta shigo, Kawu. Tantanin nan yana cikin sassan jiki da suka fi kowane cin iskar oksijin, kuma abin mamaki ƙwayoyin dare sun fi cin ta a duhu fiye da a haske. Hayaƙin taba kuwa yana ɗauke da kabon monoksaid, iskar nan da ke kashe mutane in sun kwana da janareta a ɗaki. Tana manne wa jan sinadarin jini mai dakon oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin sama da sau 200. Wanda ba ya shan taba, abin da ke manne a jininsa bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Mai sha sosai yakan kai kashi 5 zuwa 10. Ga nikotin kuma yana tsuke jijiyoyin jini. Dako ya ragu, hanya ta ƙuntata, a daidai lokacin da ido ya fi bukata.

Kawu Direba: 'Yata, kashi 5 cikin 100 ai ba komai ba ne. Saura 95 na nan suna aiki.

Anti Likita: Da rana haka ne, Kawu, ba za ka ji komai ba. Amma ganin dare shi ne na farko da ke nuna alama in oksijin ya ɗan yi ƙasa. Matuƙa jirgin sama sun daɗe da sanin wannan. Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka tana ba su shawarar su fara shaƙar ƙarin oksijin da dare tun daga tsayin ƙafa 5,000, alhali da rana sai an kai 10,000 ake ba da irin wannan shawarar. Kuma a darussan da ake ba su akan nuna cewa mai shan taba tamkar ya riga ya hau tudu ne tun yana ƙasa. Kana zaune a Legas bakin teku, jininka yana can saman dutse.

Baba Mai Gadi: Salama alaikum yara. Jikana ke rubuta mini. Ni dai aikin gadi nake yi a Ikoyi tun zamanin soja. Abokan aikina masu taba na lura da su. Ba hayaƙin ba ne kaɗai. Ashanar ce. Mutum ya zauna a duhu idonsa ya buɗe, sai ya ƙyasta ashana a gaban hancinsa, shi ke nan ya koma makaho na ɗan lokaci. Ni in mota ta taho da fitila rufe ido ɗaya nake yi, in ta wuce in buɗe. Wannan idon yana nan da ganinsa.

Malamin Fiziks: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan dabarar ta rufe ido ɗaya ita ake koya wa sojoji da matuƙa, domin kowane ido da nasa rodofsin ɗin, ba sa rance. Kuma Baba ya taɓo abin da ni na fi zargi a daren Epe. Kawu, ba don cin fuska ba, duk bayan ɗan lokaci sai ka ƙyasta laita, harshen wutar kuma tazararsa da idonka bai kai taƙi ɗaya ba. Ido bai taɓa samun rabin awarsa cikakke ba. Jan garwashin bakin sigarin ma bai dame ni ba, don ƙwayoyin dare ba su cika jin jan haske ba. Farin harshen nan na laita shi ne matsala. Ni da ke kusa da kai ma na sha kauda kai.

Sannan akwai nawa kukan na daban. Hayaƙin yana sauka a kan madubin na'urar hangen nesa, ya bar wani danƙo. Madubin nan ba a goge shi da gefen riga kamar tabarau, shafe ne na alminiyum siriri a samansa, in ya karce sai an sake shafawa, kuma wannan ba aikin da ake samu a bakin titi ba ne.

Kawu Direba: To na ji ta laita, wannan magana ce ta hankali. Amma ku tsaya. Alhajin da ya zo daga Idi-Araba bai taɓa sa taba a bakinsa ba, shi ma bai ga Andromedar taku ba. Shi kuma me ya sha?

Ɗan Zango: Gaskiya Kawu ya kawo hujja a nan.

Anti Likita: Ya kawo, kuma amsar ita ce shekaru. Ɗan baƙin nan na tsakiyar ido, ƙofar da haske ke shiga, a wurin matashi yana buɗewa har wajen milimita 7 a duhu. In mutum ya manyanta yakan tsaya wajen 5, wani ma ƙasa. In ka lissafa fili, milimita 5 kusan rabin hasken milimita 7 yake shigarwa. Ruwan tabaran da ke cikin ido ma yana yin rawaya-rawaya da tsufa, kuma sabawa da duhu tana ƙara jinkiri. Wannan babu wanda ya tsira daga gare shi. Sai dai shi Alhaji abu ɗaya yake ɗauke da shi, kai kuma Kawu ka ɗora taba a kan shekaru. Na uku kuma, ka yini kana tuƙi cikin rana tsaka ba baƙin gilashi. Doguwar rana mai ƙarfi tana jinkirta sabawar ido da duhu a daren ranar, wannan ma yana cikin abin da ake gargaɗin matuƙa a kai.

Malamin Fiziks: Maganar milimita ta tuna mini. Masu shirin sayen bainakula, na'urar hangen nesa ta ido biyu, a raba babbar lambar da ke jikinta da ƙaramar. Mai 7x50 tana fitar da haske mai faɗin milimita 7 da ɗan wani abu, mai 10x50 kuma milimita 5. Dattijo in ya sayi 7x50, wani kason hasken a gefen ido yake zubewa, ya biya kuɗin banza. Ta Kawu 10x50 ce, daidai da shi.

Hajiya Mai Atamfa: To an gama da Alhaji, a zo kan butata in ji laifinta. Ni dai na san ba don atayar nan ba da ƙarfe ɗaya na dare duk kun yi laushi a kan tabarma, taurari na kallon ku maimakon ku kalle su.

Ɗan Makaranta: Mama, ni na karanta a wani zauren masu kallon sama na Turai cewa kofi yana tsuke baƙin ido, wai kada a sha kafin a fita. Wani kuma a ƙasan maganar ya ce ƙarya ne, buɗe shi yake yi. Kaina ya ɗaure.

Anti Likita: Ƙanena, dalilin da ya sa suke musu shi ne gwaje-gwajen da aka yi kan kafeyin (sinadarin da ke hana barci a kofi da shayi) da baƙin ido ba su zo da magana ɗaya ba, kuma canjin da ake gani ƙarami ne. Ba a haɗa shi da taba, wadda hanyar ɓarnarta a fili take. Aikin kafeyin a ƙwaƙwalwa yake: akwai wani sinadari, adenosin, da ke taruwa yana sa mutum jin barci, kafeyin sai ya je ya zauna a mazauninsa. Ba ya taɓa rodofsin, ba ya hana jini dakon oksijin. An auna ɗan tsukewar jijiyoyin jinin ido bayan shan kofi, amma ba irin wadda za ta ɓoye maka tauraro ba.

Kuma in za a yi adalci, mai gyangyaɗi ba ya ganin komai. Kama abu mai dushi-dushi aikin natsuwa ne da haƙuri, ƙwaƙwalwa ce ke tsinto shi. Kofi ɗaya ko biyu na shayi taimako ne. Butar Mama ta tsira.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya yi miki albarka, ya ba ki miji nagari in babu, in akwai ya ƙara masa arziki.

Malamin Fiziks: Ta tsira amma da sharaɗi, Hajiya. Ni inda nake ganin illar kafeyin a hannu ne. Bainakula mai ninki goma tana ninka rawar hannu sau goma. Mutum ya sha ataya zagaye uku, ya ɗora Nescafé, ya tauna goro, sai ka ga watannin nan huɗu na duniyar Mushtari (Jupita) da masanin taurari Galileo ya gano a 1610 suna ta tsalle kamar ana kaɗa musu kalangu. Ko a hannu mai natsuwa da ƙyar ake riƙe su, sai an jingina gwiwar hannu a kan mota ko katanga. Na biyu kuma fitsari. Kowa ya tashi zagayawa sai ya kunna tocilar waya saboda tsoron maciji, ya haske mu duka, mu koma farko.

Ɗan Zango: Wallahi wannan ya faru ya fi a ƙirga.

Baba Mai Gadi: Goro fa? Ni shi ne abokin hirata. Kakanninmu ma goro ne ya kawo su Agege da Shagamu. Kada ku ce in bar shi.

Anti Likita: Ba wanda zai raba Baba da goro. Amma Baba ya sani goro ma kafeyin ne, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyinsa in ya bushe, don haka a riƙa lissafa shi tare da shayi. Ga ƙiyasi don kowa ya auna kansa: kofin shayin Lipton yana da wajen miligiram 40 zuwa 50, kofin kofi da aka dafa 80 zuwa 100, ƙaramin gwangwanin Red Bull 80. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 babba mai lafiya zai iya kai miligiram 400 a yini ba damuwa, amma kada ya wuce 200 a zama ɗaya. Mai juna biyu 200 ne nata a yini gaba ɗaya. Ƙarfinsa yana kaiwa ƙololuwa minti 30 zuwa awa ɗaya bayan an sha, kuma sai an yi wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha ƙarfe biyu na dare, bayan asuba zai kwanta ido biyu, ga gosulon Legas na jiransa.

Mutum ɗaya nake so ya yi hattara: mai hawan jinin ido, glakoma. Kofi mai ƙarfi yana ɗan ɗaga matsin cikin ido na ɗan lokaci. Ga mai lafiya ba komai ba ne, mai ciwon kuwa ya tambayi likitansa. Kuma ciwon nan ba ya sallama, gefen gani yake fara ci, wato daidai inda muke kama taurari masu rauni. Duk wanda ya haura arba'in a zauren nan ya je a auna masa, ko a asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja ko duk inda ya fi kusa.

Ustaz Na Obalende: Assalamu alaikum. Ni da ma a ce mu yanke maganar daga tushe, malamai da yawa sun yi magana kan hukuncin taba, kuma duk abin da ke cutar da jiki...

Ɗan Zango: Allah gafarta Malam, a bar mana wannan zuwa wani zama, in aka buɗe shi yau ba za mu kwana ba. Ido muke yi.

Ustaz Na Obalende: To shi ke nan. Ga tambayata ta ido. Masu fita duban jinjirin wata na azumi da salla, waɗanda ake kai rahotonsu ga kwamitin Sarkin Musulmi, su ma sai sun zauna rabin awa a duhu? Kuma mai shan taba ganinsa na jinjiri ya ragu ke nan?

Malamin Fiziks: Tambaya mai kyau, Malam. A'a, duban jinjiri wani fanni ne daban. Bayan faɗuwar rana kaɗan ake nemansa, sama na da sauran haske, don haka ƙwayoyin rana ne ke aiki. Shi kafa masa ido ake yi kai tsaye, ba kallon gefe ba. Abin da ake bukata kaifin gani ne da sararin yamma mai tsabta, wanda mu a Legas gajimare da hayaƙi da dogayen gine-gine suke hana mu.

Anti Likita: Sai dai taba tana biyo wa mai duban jinjiri ta doguwar hanya. Tana cikin manyan abubuwan da ke gaggauta yanar ido, tana kuma ninka haɗarin lalacewar tsakiyar tantanin nan a tsufa. Mai yana, da zarar haske ya bugi idonsa sai ya watsu, komai ya yi fari-fari. Kawu, in ka fara jin fitilun motocin da ke tahowa suna kashe maka ido fiye da da, wannan ba maganar taurari ba ce kuma, maganar tirela ce da rayukan mutane.

Kawu Direba: Hmm. Fitilun zamanin nan ne masu fari kamar walƙiya, kowa kuka yake da su.

Anti Likita: Kowa na kuka da su, gaskiya ne. A duba dai, ba ya ɗaukar lokaci. Amma kada ka je ranar da za ka yi tuƙi, don in aka ɗiga maka maganin buɗe ido sai ka yi awoyi gani na dishi-dishi.

Ɗan Makaranta: Anti, shisha fa? Abokaina cewa suke ruwan tulun yana tace dattin.

Anti Likita: Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, kabon monoksaid wucewa yake abinsa. Shisha ma ta fi muni ta wannan fuskar, domin bayan tabar ga gawayin da ke ci a sama, kuma zaman yakan kai awa guda ana zuƙa. Akwai waɗanda ake kai wa asibiti da ciwon kai da jiri har da suma daga zama ɗaya. Wanda ya sha shisha da yamma ya zo kallon sama da dare, ya fi Kawu nisa da Andromeda.

Kawu Direba: Alhamdu lillahi, an samu wanda na fi.

Hajiya Mai Atamfa: To ni gawayin butata fa? Kada a dawo kaina ta bayan gida.

Malamin Fiziks: A fili ne, Hajiya, iska na kwashewa. A dai ajiye murhun can nesa ta inda iska ke tafiya, a kare shi da kwali saboda in ana fifita shi yana haske. Abin da ya fi gawayinki haɗari shi ne masu hawa saman bene a cikin gari suna kallo, janaretan maƙwabci na ta aman hayaƙi a ƙarƙashinsu ko a gefensu. Wannan shan taba ne ba da niyya ba, har ya fi. In kana sama ka ji kanka na sarawa, sauka ka bar wurin. Maganin sauro na ƙonawa shi ma yana sa ido ruwa da yaji, gara a shafa na shafawa a sa doguwar riga da safa, don saurayen bakin ruwan Epe ba sa wasa.

Amma in faɗi ra'ayina tsakani da Allah, duk wannan lissafin na taba da shayi, babban ɓarawon ganinmu waya ce. Mutum ya yi minti 25 a duhu, saura ƙiris, sai saƙo ya shigo ya duba. Na biyunsa kuma hasken Legas kanta. A Agege ko Obalende, ko limamin da bai taɓa jin warin taba ba, Kaza da 'ya'yanta da ƙyar zai ƙirga biyar ko shida a ciki, Andromeda kuwa sai dai labari. Shi ya sa muke wahalar fita bayan gari. In mun sha wannan tafiyar, asara ce mu kashe idon da hannunmu.

Ɗan Makaranta: Malam, ni da manhajar taswirar sama nake gane taurarin, in na kashe waya na ɓata.

Malamin Fiziks: Stellarium da ire-irenta duk suna da yanayin ja, kunna shi, ka rage hasken fuskar wayar har ƙasa. Ja mai ƙarfi ma yana ɓata ido, ba a ce don ja ne a ƙure shi ba. Ka kashe sanarwar saƙonni, don su da farinsu suke faɗowa. Tocila kuma a naɗe bakinta da jar leda ninki biyu ko uku a ɗaure da roba.

Hajiya Mai Atamfa: Ni da na ji ana cewa karas ke ƙara ganin dare. In soya muku miyar karas ranar fita?

Anti Likita: Mama, ba a fafe gora ranar tafiya. Bitamin A a hanta jiki ke ajiye shi, na watanni. Wanda ya rasa shi yana kamuwa da dundumi, da magariba ta yi sai lalube, kuma shi in ya samu yana warkewa. Amma wanda ke da isasshe, ko buhun karas ya ci ba zai ƙara gani ba. Labarin ya yi ƙarfi ne tun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Ingila ta yi ta yaɗa cewa matuƙanta karas suke ci shi ya sa suke harbo jiragen Jamus da dare, alhali na'urar rada, mai gano jirgi daga nesa, ce a cikin jiragen. Mu nan da manja da zogale da alayyahu da hanta da mangwaro, mai cin abinci daidai ba ya rasawa. Kada kuma wani ya je ya sayi ƙwayoyin bitamin A ya yi ta haɗiya, yawansa guba ne, musamman ga mai ciki. Abin da zan roƙa ranar fita a ci abinci sosai, kada a zo da yunwa, a kuma riƙe ruwan sha.

Ɗan Zango: To tunda an zo maganar ranar fita: zubar taurarin Jeminid tana kaiwa ƙololuwar yawanta daren 13 wayewar 14 ga Disamba. Ba a bukatar na'ura, tabarma ce da ido. Malamin Fiziks zai duba mana lokacin fitowar wata, sai kuma addu'ar kada ƙurar hunturu ta riga mu sauka. Shawarar da nake kawowa: ba laita, ba ashana, ba farar tocila a inda aka shimfiɗa tabarmi. Mai bukata ya koma bayan motoci.

Kawu Direba: Ni aka kafa wa doka ke nan. Jihar Legas ta hana mu sha a wuraren taruwar jama'a tun 2014, ta tarayya ta biyo a 2015, yanzu dajin Epe ma an kore mu. To 'yata likita, gaya mini gaskiya. In na sha kara ɗaya da magariba kafin mu tashi, zuwa sha ɗayan dare bai fita ba?

Anti Likita: Rabinsa ne ya fita, Kawu. Kabon monoksaid yana ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin rabi ya bar jini in mutum na shaƙar iska ta yau da kullum. Kuma ba na karan magariba kaɗai ke jikinka ba, na safe da na rana duk sun taru. In kana son ka ga bambanci, ka tsaya tun azahar, in da hali tun safe. Kai da ke azumin Ramadan ka san za ka iya yini ba ita. In ƙaiƙayin ya dame ka cikin dare, akwai cingam na nikotin a manyan kantunan magani, shi ba hayaƙi, ba wuta. Ba shi da amfani ga jijiyoyin jini, amma ya fi kara.

Kawu Direba: Azumi daban, wannan don Allah ake yi. Yanzu don tauraro zan yini ina hamma? In na bar ta tun safe sai dai Hajiya ta ninka mini ataya, in ba haka ba wani zan mara.

Anti Likita: Na yini ɗaya ba laifi a ƙara maka kofi guda. Amma ga wani abu da masu shan taba ba su cika sani ba. Hayaƙin yana sa hanta ta riƙa narkar da kafeyin da sauri, kusan ninki biyu na wanda ba ya sha. Shi ya sa kake shan shayi mai kauri ka kwanta ka yi minshari. In ka daina tabar gaba ɗaya, cikin 'yan kwanaki hantar za ta koma saurinta na asali, shayin da ka saba sha sai ya zame maka kamar biyu: bugun zuciya, rawar hannu, rashin barci. Da yawa sukan ɗauka rashin tabar ne ke wahalar da su su koma, alhali shayin ne ya yi yawa. Duk ranar da ka yi niyya, ka rage shayi da goro zuwa rabi tun makon farko.

Kawu Direba: Wato a raba ni da taba, a kuma rage mini shayi. Ke da mai shayin bakin garejinmu za ku yi shari'a, ni ba ruwana.

Baba Mai Gadi: Jikana ya ce in tambaya, in akwai wuri a mota ranar, yana so ya zo. Shekararsa sha huɗu, ba ya shan komai sai koko.

Malamin Fiziks: Akwai wuri a tawa, Baba. Ya zo da rigar sanyi da tabarmarsa, wayar kuma ya bar ta a hannunka.